Hannun Hagun Barmo

Ba kiɗa ya kawo su Bur Sudan ba.
Ubansa ya taso daga Haɗeja a ƙafa, Makka ya nufa,
guzuri ya ƙare a bakin Bahar Maliya.
Yaro ya tashi yana saɓa dilar auduga a tashar jirage,
da dare ya goge tebura a otal ɗin Hawaja Istabro.

Can ƙuryar zaure akwai fiyano,
gishirin teku ya cinye masa waya uku.
Wani baƙar fatar Amurka, Ilaija, kukun jirgin kaya,
ya zauna gabansa dare goma sha ɗaya.
Ya ce sunan abin bulus.
Barmo ya zaci sunan mamaci ne,
sai ya tsaya cik da tsumma a hannu, kamar a gidan makoki.

Jirgi ya ɗaga. Faifai biyu aka bar masa,
ɗaya ma da tsaga.

Hannunsa na hagu tafiya yake yi,
irin ta uban: taki, taki, ba gaggawa, ba zango.
Na dama kuwa ɗan tsegumi ne,
ya yi dariya, ya yi habaici, ya koma ƙorafi.
In ya iso kan haƙoran nan uku da suka mutu
sai ya tsallake,
kiɗan ya ɗan yi ɗingishi, ya miƙe.
Ma'aikatan jirgi suka ce jaz ne.
'Yan dako da ke leƙe ta taga suka ce ƙarya,
kalangu ne ya sa kwat.

Kakata Tasalla ba ta taɓa jin sa ba.
In an tambaya takan ce, yana wajen aikin hawaja.
Amma ta ce ko a barci
yatsunsa na tafiya a kan tabarma.

Ba a ɗauki sautinsa ba, ko na minti guda.
An rushe otal, fiyano ya zama itacen shayi.

Bara, a wani biki a unguwarmu,
wani yaro mai ogan, bai kai ashirin ba,
ya zo daidai wurin, ya tsallake,
alhali haƙoransa duk lafiyayyu ne.
Na bi shi bayan rumfa, na ce wa ya koya maka?
Ya ɗaga kafaɗa, yana naɗe waya a gwiwar hannu.
Ya ce, Hajiya, ai haka ake yi.