Na Biyar da Na Shida

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare a Tartu,
ɗakin wayoyi, ƙarƙashin asibiti.
Dusar ƙanƙara ta narke daga takalmanmu
ta bi daɓe tana neman kwata.
Minti arba'in aka ba mu,
da sa hannun Ülle, babbar mai jinya,
wadda ba ta sayen alkawarin mai gyara ko a kyauta.

Suwic huɗu ne a kabad ɗin ƙarfe,
wannan ya goyi wancan,
shekara shida suna amsa suna ɗaya.
Ramukansu sun cika maƙil,
ga sabon ɗakin haihuwa a hawa na uku
yana jiran layi ranar Litinin.

Raivo ya yanka kwali da makullin mota.
Na biyar sabo ne dal, har da ƙamshin leda.
Na shida kuwa ya sha duniya,
an ciro shi daga ƙaramin asibitin da aka rufe,
da guntun salatif a goshinsa.

Na kai hannu ga soket, ya riƙe mini hannun riga.
"Tsaya, Piret. Tambaye shi tukuna
ko wane ne shi a inda ya fito."

Na jona shi da kwamfuta, shi kaɗai a kan tebur.
Ya amsa ba kunya:
ni ne lamba ɗaya, ni ne jagora.

"Kin ji ko? Da kin sa shi ciki da wutarsa
sai gardama ta tashi,
wanda ya sha kaye ya mutu ya sake tashi,
na'urar da ke ƙirga bugun zuciya a sama
ta rasa wanda za ta gaya wa."

Muka goge masa tsohon gida,
muka rage masa daraja,
muka ɗura masa manhaja irin ta 'yan gida
don kada ya yi musu wani yare.
Minti goma sha tara ya ci.
Raivo bai ce komai ba.
Shi ma ya taɓa riƙe mutum talatin
a kamfanin tarho da babu shi yanzu.

Sai baya, inda kura take.
Waya mai kauri ta haɗa kowa da maƙwabcinsa,
ta ƙarshe ta koma wurin na fari
ta rufe zobe.
Ba a shigo da baƙo sai an fasa zoben.
"Ke za ki cire," in ji shi.

Na cire.
Tafin hannuna ya jiƙe a ɗaki mai sanyin firji.
Huɗun nan suna tafiya da ƙafa ɗaya yanzu,
in waya guda ta yi tari, gida ya rabu biyu.
Huɗu zuwa biyar. Biyar zuwa shida.
Shida zuwa ɗaya,
sai waya ta gaza.
Saura ɗani guda, ta ƙi kai.

Ban ja ta ba, amma na so.
Raivo ya laluba ƙasan jakarsa,
ƙarƙashin burodin baƙi da tsohuwar safar hannu,
ya zaro wata mai tsawon mita.
"Tun ranar da na kafa huɗun nan nake yawo da ita.
Matata ta ce shara ce."

Ƙas. Zobe ya rufe.
Muka ba su wuta ɗaya bayan ɗaya,
fanka ta yi ruri ta lafa,
fitila ta daɗe a ruwan ɗorawa,
ta daɗe,
sannan kore.
Layi shida a allo, suna ɗaya a kansu.

Na manna lambobi.
Shi ya karɓi ta shida ya manna da kansa,
ya danna ta da babban yatsa
fiye da yadda takarda ke buƙata.

A sama, wajen injin kofi,
Ülle ta dube mu, ta dubi agogo.
"To, yaushe za ku fara?"