A Wajena Yana Aiki

Sha ɗayan dare a Barnawa,
janareton maƙwabci na tari,
ni da kwamfuta mun zuba wa juna ido.
Na haɗa manhaja daga tushe,
layuka na zuba a allo
kamar ruwan Agusta a kan kwano,
babu tuntuɓe ko ɗaya.
Na ɗaure ƙunshi, na tura wa Lantana,
barci ya kwashe ni da takalmi a ƙafa.

Gari bai gama wayewa ba ta kira daga Kakuri:
"Tanimu, abinka ya ƙi tashi.
Sunan wani laburare yake ta kira,
ni ban san shi ba.
Mutum arba'in na kan benci a asibiti,
katinsu duk yana ciki."
Na ce, "Ai a wajena yana aiki."
Ta ce, "To in turo su wajenka?"

Kwana biyu ina tono.
Ashe tun bara, wata rana da na manta,
na saka laburaren don gwaji,
na bar shi kwance a lungun na'ura.
Mai harhaɗawa ya leƙa, ya gan shi,
bai tambayi kowa ba ya ɗauka,
ya saƙa shi a jikin manhajar.
Ban ce masa ɓarawo ba.
Abin da ya gani ya kai wa hannu,
ni na bar ƙofar a buɗe.

Sai Baba ya faɗo min a rai, can Panteka.
Shekara takwas yana kwance injin niƙa
da sifana mai lamba sha bakwai
ta Iliya, mai rumfar gefe.
Hannu kawai yake miƙawa, ko waiwaye babu.
Ran da Iliya ya tattara ya koma Kafanchan,
Baba ya lalubi iska,
ya daɗe yana kallon notin da ya cije,
ya ce, "Ashe ba tawa ba ce."

Yanzu kafin in gina komai, ɗaki nake yi,
marar taga, a share tas.
In rubuta masu shiga a takarda:
wane, siga kaza,
wane, kada ya gaza ta uku.
Wanda sunansa bai hau ba,
ko a bakin ƙofa yake doka sallama,
mai harhaɗawa ba zai ji shi ba.

Ranar farko ginin ya rushe sau tara.
Na so in buɗe taga ko kaɗan,
na tashi, na dafa shayi, na dawo.
Kowace rushewa ta faɗa min sunan wani
da nake cin bashinsa ban sani ba.

Daga nan sai rabo, shi ne mai wuya.
Wannan na ƙuryar ɗaki ne,
da shi nake murɗa nawa, ba ruwan mai karɓa.
Wancan dole ya fito zaure,
don duk wanda ya jingina da ni
sai sun gaisa.
In na baje duka a fili,
gobe wani zai rataye jakarsa
a ƙusar da nake shirin cirewa.
In na rufe duka,
wayata ce za ta yi ƙara da asuba.

Ran Laraba na sake turawa.
Na ajiye wayar a gefen filo,
na farka sau uku ina dubawa.
Shiru.
Sai da azahar saƙo ya shigo:
"Ya tashi. Benci ya ragu.
Ina binka katin waya na ɗari biyar."

Da yamma na bi ta Panteka.
Baba na ƙarƙashin wani inji, ƙafafunsa a waje,
sifanarsa daure da jan ƙyalle
don kada ta gauraya da ta kowa.
Na tsuguna na riƙe masa fitila.