Ɗan Aike

Littafi ɗaya, mu shida a benci.
Bangonsa ya tafi tun zamanin yayyenmu,
gara ta cinye fitowa ta ƙarshe
ta bar mana sarki tsaye a bakin ƙofa.

Malam Nomau ya kasa mu kamar naman watanda.
Barmo ya sami sarauta, don muryarsa ta buɗe,
Hajo ta zama gwaggo,
ni aka miƙo mini ƙashi:
ɗan aike, magana ɗaya tal,
"Ranka ya daɗe, ƙanenka ya iso."

Na tsani littafin nan.
Ranar Yelwa na dukan kwanon aji,
ƙamshin kifin banda na hawowa daga kasuwa,
ga mutanen takarda sai surutu.

Malam ya ce mu karanta har da na cikin baka biyu.
Muka ɗaga murya: "Ya yi shiru!"
Aji ya kwashe da dariya.
Ya ce, "Shirun yin sa ake yi."
Ya tsaya, alli a hannu, bai ƙara ba,
har muka jiyo injin jirgi can a kan Kwara.

Ran Alhamis Baffa Ɗan'ige ya zo daga Wara.
Shekara takwas ba sa ga maciji da Baba
a kan kwalekwalen gado.
Ni ya tarar a zaure.
Na shiga, Baba na gyaran taru,
na ce, "Baba, ƙanenka ya iso."

Allura ta tsaya.
Inna ta bar muciya cikin tukunya.
Na ƙirga numfashinsa, bakwai,
kafin ya ce, "Kai masa tabarma.
Sabuwar."

Daren nan littafin a hannuna ya kwana.
Na bi shi da tocila mai raunin batir,
na tarar kowa a ciki yana da 'yar gaskiyarsa,
har mugun da muke yi wa ihu.

Ranar wasa, ƙarƙashin darbejiya,
Barmo da rawanin labulen ofis,
na durƙusa na faɗi tawa.
Ya buɗe baki zai zarce,
na daki ƙafarsa a ɓoye: dakata.

An ce akwai cikakken littafin a Birnin Kebbi.
Ban taɓa nema ba.
Sarkin yana nan tsaye inda gara ta bar shi,
ni kuwa na san tabarmar da zai ce a ɗauko.