Jimlar Bappa

Shekara talatin da ɗaya Bappa na tsaye gaban allo
a makarantar da ke bayan tasha, nan Kumo,
har alli ya cike masa zanen tafin hannu.
Malam Jungudo na Turanci.
Daga tarinsa yara ke gyara zama.

Abu ɗaya yake nanatawa kamar mai jan carbi:
jimlar Bature ba ta tsayuwa da ƙafa ɗaya.
A nuna min wanda ya yi, a nuna min abin da ya yi,
sannan magana ta kai gida, kar ta kwana a hanya.
Babban baƙi ya buɗe ƙofa, aya ta rufe.

Sambo, ɗan mai facin keke, ya taɓa rubuta
"Lokacin da muka je Gombe", ya ɗiga aya.
Bappa ya ɗaga littafin sama:
"To, da kuka je, sai aka yi me?
Ka ɗauko mu a mota ka sauke mu a daji.
Koma ka kai mu gari."

Mu na gida ma ba mu tsira ba.
Na ce ana ruwa, ya ce, "Hausa ta yafe miki, Hajjo.
Bature kuwa, ko ruwan sama ne
sai ya nemo wanda zai ɗora wa alhaki,
ko da 'yar kalma ce mai harafi biyu da ba ta nufin kowa.
Mukan ce Gidado tela ne, mu wuce abinmu,
shi sai ya soka aikatau a tsakani
kamar tsinke a tsokar tsire.
Wuri ɗaya ya yarda aikau ya ɓuya: umarni.
Can ba a kiran suna, wanda ake kallo shi ne."

Bara, ana tsakar roron wake,
ya faɗi a gindin randa, buta a hannu.
Kwana sha tara muka yi a asibitin Gombe.
Da muka dawo da shi, ɓarin dama ya yi shiru,
aikatau duk sun zube a hanya,
sunaye kaɗai suka iso gida.

"Ruwa."
"Taga."
"Dudu."

Ni ke ƙarasawa.
Ruwan sha, ko na alwala?
Taga a buɗe, ko a rufe?
Dudu kuwa, nan ba ni da abin cikawa.
Shekara shida ke nan da muka raka ta,
ban sani ba ko tambaya ce, ko kira.

Ran Talata na zauna rubuta wa ofishin fansho takarda,
da Turancin da ya ɗura min tun ina 'yar aji uku.
Na karanta masa a hankali.
A layi na huɗu ya ɗago hannun hagu,
ya danna yatsa a kan takardar, ya ƙi ɗagawa.
Na duba: "Tun da mahaifina ya kwanta rashin lafiya",
ga aya na ɗiga, ban ce komai ya faru ba.
Na sauke shi a daji.
Na yi dariya har hawaye,
daga baya hawayen suka ci gaba su kaɗai.

Na gyara, na ninke, na miƙe zan duba tukunya.
Magariba ta kusa, awaki na shigowa zaure.
Sai na ji ya kama bakin mayafina,
leɓensa na kokawa da wani abu mai nauyi,
ya daɗe yana juya shi kafin ya fito:

"Zauna."

Kalma ɗaya.
Na nemi wanda ake nufi, na ga ni yake kallo.
Na nemi aikin, ga tabarma a shimfiɗe.
Ba abin da zan ƙara mata.
Tuwo ya kama a gindin tukunya,
ina jin ƙaurinsa, ban tashi ba.