Akuyar Abi Yangdol

Mu biyar muka taso daga Leh,
mota ɗaya, jaka goma sha ɗaya.
Ni ce mafi tsufa, ni ce mafi ƙarancin kaya.
Shekara talatin ina karɓar haihuwa a asibiti,
da kuɗin sallama na sayi kyamara 'yar gwanjo
wadda mai ita na farko ya gaji da jira.

Ta Ekkehard doguwa ce kamar taɓarya,
yana rungumarta yadda nake rungumar jinjiri.
Chizuru ba ta magana sai ta sha shayi.
Omkar da ƙanensa, 'yan Pune,
suna gardama kan haske tun haske bai fito ba.

Phuntsok ne idonmu.
Da asuba yake kafa madubin hange a kan tudu,
ya bi duwatsu layi-layi
kamar mai karanta farin alli a farar takarda.
Ya ce: batir a hammata, numfashi cikin mayafi,
kada kowa ya nuna da yatsa.

Kwana biyar.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse;
mun dafa, romon ya daskare a tukunya.
Na ɗauki sawu. Na ɗauki kashi mai gashi a ciki.
Na ɗauki tumakin dawa, suka fito kamar ƙudaje a bango.
Damisa ƙi sabo,
ta ƙanƙara kuwa ko gaisuwa ba ta amsawa.

Dare na shida kare ya yi haushi, ya yi shiru.

Gari na wayewa sai ga ta, ba a ƙololuwa ba,
bayan garken Abi Yangdol mai masaukinmu,
taku ɗari daga inda muke wanke baki.
Wutsiya ta naɗe ƙafafu kamar gammo.
Haɓa ja.
Ƙarƙashin hannunta, baƙar akuya.

Kyamarori suka ɓarke kamar ruwan farko a kan kwano.
Hawayen Ekkehard na daskarewa a gemu.
Omkar ya riƙe wuyan ƙanensa, gardama ta mutu.
Ni ma na danna. Ba zan ɓoye ba, na danna
har yatsana ya daina jin kansa.

Sai na ji numfashi a kafaɗata.
Tsohuwar ce, da akushin tatsa, babu komai ciki.
Ba ta ɗauki dutse ba, ba ta yi kuwwa ba.
Da harshenmu, wanda sauran ba sa ji,
ta ce, "Nuna mini."

Na juya mata gilashin, na matso da fuskar,
idanun nan masu launin ruwan da ya kwana a randa.
Ta ture yatsana. "Ba ita ba. Ƙasa."
Na gangaro da hoton.
Kunne mai tsaga. Jan zare a wuya.
"Nakmo," in ji ta. "Saura wata guda ta haihu."

Shekara talatin. Na san nauyin wata guda.

Phuntsok ya ce akwai asusu, za a biya,
kuɗin masauki ma ya haura akuya uku.
Ta gyaɗa kai. Ba shi ya koya mata lissafi ba.
Ta shiga ciki ta ɗora mana shayi,
da gishiri kamar kullum, yau babu madara.

Da dare Ekkehard ya koya mini datse hoto:
a yanke ƙasa, jinin ya fita, fuskar ta cika.
Mutumin kirki ne, har sau biyu ya maimaita.

Da na koma Leh na wanke biyu.
Nawa na bango, ban rage masa komai ba.
Nata na datse shi daga sama,
na ba direban motar kananzir ya kai mata.