Ƙadangaren Kawu Harisu

A Wad Madani, a ɗakin da Kawu Harisu ya bari,
akwai akwatin ƙarfe mai koren fenti.
Gara ta ɗanɗana gefen mujallar sama,
ta ji ba gishiri, ta ƙyale sauran.

Na kwance igiyar rama.
Warin tsohuwar takarda ya tashi,
irin na ɗakin da aka daɗe ba a kwana ba.

Ga bangon damina.
Kogi ya cika ya batse,
mai shayi ta tattare zane zuwa ƙauri,
tirenta a ka, ko kofi ɗaya bai girgiza ba.
Motar babban mutum ta kafe a taɓo,
jaki na wucewa, yana kallonta da wutsiyar ido.
Shuɗin ya koɗe. Jakin bai koɗe ba.

Na kaka, dawa ta sunkuyar da kai.
Manomi siriri kamar sillen kara,
mai awo kuwa sai da ya ci rabin shafi,
babban yatsansa na hutawa a kan sikeli
kamar baƙon da ya zo gaisuwa ya zarce da kwana.

Bayanin ƙasa da Larabci yake,
amma dariyar ta tsakar gidanmu ce.
Na san hancin nan, na Gwaggo Asabe ne.
Ta mutu ba ta san
ta yi mako guda a rataye a tashar jirgin ƙasa ba.

Lokacin sanyi bai cika ɓarnar launi ba:
farin auduga, jan garwashi,
tsofaffi uku sun naɗe rawani har kunne
suna jiran gahawa ta tafasa,
kowa ya san labarin da ɗan'uwansa zai bayar.

Da bazara, fanka a tsaye cik,
ma'aikaci ya yi matashi da fayil ɗin jama'a,
ƙuda ne kawai ke aiki a ofishin.

Bai taɓa sa hannu ba.
Ƙadangare yake zanawa a kusurwar hagu,
ƙarami, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
In an tambaya ya ce, na bakin tulu ne,
a kashe shi a fasa tulu,
a bar shi ya ɓata ruwa.

Akwai fitowa ɗaya, wata bazara,
da bangon ya zo fari fat.
Ba jaki, ba sikeli, ba kowa.
Sai shi a kusurwa, wutsiya a gutsure.
Inna ta ce kwana goma sha tara bai dawo gida ba,
da ya dawo ya nemi ruwan wanka da fensir,
bai ƙara da komai ba.
Na duba fitowar da ta biyo.
Wutsiyar ta fara tsirowa.

Yanzu 'yata Ramlatu ta baje su a tabarma,
ta haɗa damina da sanyi, ta juya kaka a kife.
Ba ruwanta da mai awo.
Ƙadangaru take ƙirgawa da yatsa mai maiƙo,
ta kai arba'in da ɗaya, ta rikice, ta koma farko.

Hadari na haɗowa ta gabas.
Ya kamata in kwashe shanya.
Bari dai ta gama.