Farin Ƙyalle

Shagona na Sabon Gari, daura da layin dogo,
tsakanin mai faci da mai sayar da katin waya.
Shekara goma sha tara ina maimaita magana guda:
ɗaga haɓa, cire hula, fito da kunne,
kada ka yi murmushi.
Ba a son murmushi a can.

Huɗu nake wankewa, biyu ake karɓa.
Ragowar biyun sai a ce, "Ajiye min, Ilu, zan dawo."
Gwangwanin madara uku sun cika da zan-dawo.

Ga Dakta Lantana ta Samaru,
wadda ta san ciwon dawa kamar ciwon ɗanta.
An gayyace ta ƙetare ta faɗi abin da ta gano,
ta wuni a layi da takardu cike da jaka,
aka turo mata amsa ta ƙasan gilashi:
wai ba a gamsu za ta komo gida ba.
Ita da ko Kaduna ba ta kwana, saboda awakinta.

Ga Mato mai ga-ruwa, mutumin Tasawa,
ya shayar da layinmu rani bakwai.
Ranar da tsohuwarsa ta cika, iyaka na rufe.
Wani yaro mai kaki ya ce, "Ina takardarka?"
Da Hausa ya tambaya,
da Hausa aka ba shi haƙuri,
da Hausa ya ce a juya.
Addu'ar uku ma ta waya Mato ya shafa.

Ga Cindo.
Wannan ba na iya dogon bayani a kansa.
An rufe masa ƙofa, ya bi ta rairayi.
Rigar da ke cikin hoton tawa ce, aro na ba shi,
don tasa fara ce, ta saje da bango.

Kakana Barau ya je Gwanja da jakai sha ɗaya.
Ya biya kuɗin fito a bakin kogi, ban musa ba,
amma ba wanda ya auna tazarar idanunsa.
Shamuwa na sauka kan rimin Ƙofar Doka duk damina,
wa ya taɓa buga mata hatimi a fiffike?
Citta ta ƙetare teku, fata ta ƙetare, riɗi ya ƙetare,
hannun da ya noma ne kawai ake ce wa dakata.

Daren Juma'a na kwance ƙyallen daga bango.
Ni da 'yata Kande muka kwana da zare da allura,
fuska kusa da fuska, har wuri ya ƙare.
Da hantsi muka kai shi Kwangila, ƙarƙashin gada.
Ba mu cika arba'in ba, har da mai rake da ya biyo inuwa.
'Yan kamasho suka yi ta dariya,
sai ɗayansu ya matso, ya ɗora yatsa:
"Wannan ai ƙanena ne."
Bai ƙara cewa komai ba, ya kama gefen ƙyallen.

Ɗan sanda ya zo: wa ya ba mu izinin tsayuwa?
Dakta ta gyara mayafi ta ce,
"Ranka ya daɗe, tafiya sai da izini,
tsayuwar ma sai da izini?
To, ina za mu ajiye ƙafafunmu?"

Ba a buɗe ko ƙofa ɗaya ba ranar, na sani.
Za mu koma Asabar mai zuwa,
Mato ya ce zai kawo ruwa.

Yau na mayar da ƙyallen, duk hudar allura.
Wata yarinya ta shigo, za ta karatun jinya.
Na ce ɗaga haɓa, sai dariya ta kuɓuce mata.
Na danna.
Sannan na ɗauki na biyu, irin wanda suke so.